Awon da Salula Ta Yi wa Ma'aikatan Mushe Sumana

Har yau ban manta da Litinin ɗin da Mushe Sumana ya shigo shagon nan da takarda a hannu ɗaya, salula a ɗayan, yana murmushi kamar wanda aka yi wa bushara ba. Tsakiyar watan Afrilu ne, zafin Yamai ya kai in ka taɓa ƙarfen keken ɗinki sai ka janye hannu, saura kamar mako biyu a yi bikin ranar ma'aikata. Ku yaran shago da kuka zo daga baya kuna jin ana cewa "awon salula" ana dariya, ba ku san mafarin maganar ba. To ga yadda aka yi.

Ga wanda bai san aikin ba: ranar ɗaya ga Mayu ma'aikatan kowane biro, wato ofis, suna fita maci cikin anko. Atamfa ce ta musamman ake bugawa don ranar, a raba wa kowane biro daidai yawan mutanensa. Ba a samun ta a kasuwa. In tela ya yanka ba daidai ba, shi ke nan, mai rabon ya rasa, sunan tela kuma ya zaga birane.

Mushe Sumana direktan wani ƙaramin biro ne a unguwar Koira Kano, su goma sha uku har da shi. Mushe dai shi ne Malam a bakin masu Faransanci. Haifaffen Yamai ne, Hausarsa ta kasuwa ce, yana yi yana yayyafa mata Faransanci. Tun ina sabon zuwa daga Dogondutsi na kafa keke a nan Kirkisoye, hayin kogi, nake yi masa ɗinki, kuma ba mugun mutum ba ne. Ciwonsa ɗaya: labaran fasaha. Ya zo karɓar riga ɗaya, sai ya zauna awa guda yana karanto mini abin da ke faruwa a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. An fito da salula mai naɗewa kamar tabarma. An fito da wadda ke gane fuskar mai ita. Ni abin da na lura da shi, kowace shekara sai su ƙara ido ɗaya a bayan salular, su cire caja daga kwali, wani mutum ya hau dandamali ya ce duniya ta sake. Mushe ya yarda, ya saya. Da an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, kuma sai ka ga mai sabuwar duniya yana zagaye yana tambayar wa ke da wurin caji.

Ranar, direbansa ya sauke atamfa, shi kuma ya miƙo mini takarda.

"Isufu," ya ce, "metir ɗin nan da ke wuyanka, rataye shi. Ya yi ritaya."

Metir dai shi ne igiyar awo. Na ce, "Lafiya, Mushe?"

Ya bayyana mini cewa akwai wata aplikasiyo a salularsa. Mutum ya tsaya, a ɗauke shi hoto ta gaba da ta gefe, sai ta fitar da awonsa duka: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawon hannu, tsawon wando. Ya auna ma'aikatansa kaf cikin minti ashirin, ga sakamako an buga.

Na duba takardar. Baba Hima mai gadi, dogon tsoho da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar nan, an ba shi tsawon wandon ɗan lakwal, yaron makaranta. Madam Ramatu sakatariya, siririyar mace, an ba ta kafaɗar ɗan kokawa. Shi kansa Mushe, wanda na san ƙugunsa fiye da yadda na san hanyar gidana, ya ragu da santimita goma sha huɗu.

Na ce, "Mushe, ka yi jinya ne ban ji ba?"

"Me ka gani?"

"Na ga ka rame a takarda."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Metir ɗinka ne ke yi mini ƙarya duk shekarun nan. Igiya tana miƙewa, idon mutum yana gajiya. Wannan kuwa lissafi ne. Na karanta, nan gaba kaɗan ba wanda zai ƙara tsayawa gaban tela. Ka yanka yadda aka rubuta. In ka sake lamba ɗaya, na kwashe aikina, kuma ba ni kaɗai zan tafi ba."

Wannan ba barazanar banza ba ce. Rabin manyan da ke tsallako gada su kawo mini ɗinki, shi ya nuna musu hanya.

Kwana biyu ban taɓa almakashi ba. Na shimfiɗa atamfar, na ɗauki alli, na ajiye. A rana ta uku na kira Madam Ramatu na karanta mata faɗin kafaɗarta. Ta yi dariya har ta ƙware, sannan ta ba ni labarin yadda aka yi awon. Ranar Juma'a ce. Matan biron duk suna cikin manyan hijabai, kuma ba wadda za ta cire mayafi a gaban direkta don salula ta ga ƙugunta, saboda haka hijabin aka auna. Baba Hima ba ya son hoto, ya tsaya can bakin ƙofar gida ya ce a ɗauka daga nan. Shi kuwa Mushe, direba ya ɗauke shi sau biyar, yana haɗiye ciki yana riƙe numfashi, har sai da lambar ta yi masa daɗi.

"Malam Isufu," ta ce, "in ka ɗinka mini wannan rumfar, ba zan fita maci ba. Zan turo maka su bibbiyu lokacin hutun rana, ka auna su da hannunka. Amma don Allah kada direkta ya ji. A watan Yuni ake sabunta takardar aikina, kuma shi ke sa hannu."

Na ce ba zai ji daga bakina ba.

Haka aka yi. Kwana shida, da azahar, kabu-kabu na sauke mini mutum biyu a ƙofa, suna waige-waige kamar sun zo sayen abin da hukuma ta hana. Baba Hima da ya zo, ya gaishe ni da fofo irin ta Zabarmawa, ya miƙe tsaye ya ce, "Auna da kyau, ɗana. Ni dama na san abin nan bai ga ƙafafuna ba." Mutum goma sha biyu na auna. Saura ɗaya.

A nan zan faɗa muku laifina, don kada ku ɗauka ni waliyyi ne a labarin. Ina da tsohon awon Mushe a littafina. Da na ga dama, da na yanka da shi, ya sa kayansa lafiya, kowa ya huta. Amma maganar da ya yi cewa metir ɗina maƙaryaci ne ta tsaya mini a wuya. Na so ya ga aikin salularsa a jikinsa, ya dawo ya ce Isufu ka yi gaskiya. Sai na ɗinka nasa daidai da takarda. Abu ɗaya kawai na yi na hankali: na bar rara mai yawa a cikin ɗinkin, na naɗe ta ciki, yadda za a iya farkewa a saki.

Saura kwana biyu biki na kai kaya biro. Kowa ya shiga ya gwada ya fito. Wandon Baba Hima ya sauka har idon sawu. Rigar Madam Ramatu ta zauna mata cif. Mushe yana bin su da salula yana ɗaukar bidiyo, yana cewa, "Kun gani? Kun gani? Ba metir, ba komai!" Su kuma suna kallon ƙasa. Sannan ya ɗauki nasa ya shiga ofishinsa ya tura ƙofa.

Ya daɗe a ciki. Can sai na ji, "Isufu! Zo nan."

Na same shi tsaye, wando ya tsaya a cinya ya ƙi gaba, maɓallan riga suna neman tsinkewa, gumi na zuba duk da sanyin na'ura. Na gyara tsayuwa ina jiran ya zagi salula.

Ya ce, "Mutum goma sha biyu aplikasiyo ta auna, goma sha biyu sun fito daidai. Nawa kaɗai ya lalace. To faɗa mini, wa ya yi kuskure, na'ura ko tela?"

Wallahi amsar tana kan harshena. Kalma uku da na faɗa, da na ci nasarar da na yi mako biyu ina jira. Sai na hangi Madam Ramatu ta ƙofar da ba ta rufu sosai ba, tana rungume da takardu, ta ƙura mini ido.

Na ce, "Tela ne, Mushe."

"Yauwa! Kuskuren ɗan Adam. Na karanta a kansa. Shi ne babbar matsalar da ta rage wa fasaha."

Na ce don in gyara kuskurena sai na ɗan sa masa metir. Ya yarda, tunda laifin nawa ne, ya ɗaga hannuwa. Ina zagaya igiyar sai na ga cikin ya shige, wuyansa ya kumbura. Ban yi gardama ba. Na riƙe metir a wurin na tambaye shi uwargida Hajiya, na tambaye shi yara, na tambaye shi yaya jikin tsohuwarsa a Tondibiya. Kafin ya kai kan tsohuwa numfashi ya ƙwace masa, ciki ya dawo gida. Ya ma fi tsohon awon da yatsa biyu.

Ya ce, "Nawa ka samu?"

Na ce, "Daidai da na salula, Mushe, in an haɗa da numfashi."

Ya dube ni na ɗan lokaci, ya kau da kai, ya ce in tabbata kayan sun iso gobe da safe. Na farke rarar na saki, suka iso. Aka yi maci, biron Mushe ya fita fes. A watan Yuni aka sa wa Madam Ramatu hannu.

Ladana kuwa shi ne, Mushe ya bi abokansa yana nuna musu bidiyon, yana cewa salula ta auna mutum goma sha biyu ba kuskure, tela ya auna ɗaya ya ɓata. Shekarar da ta biyo, direktoci uku suka zo mini da takardun awon salula. Na karɓa da hannu biyu, na yaba wa fasaha, na nemi lambar sakatariyar kowannensu.

Ni ban ƙi salula ba. Da ita ake turo mini samfurin ɗinki, da ita nake jin muryar mahaifiyata. Amma na gane dalilin da ya sa manya ke son ta fiye da mu: ita in ba ka ji daɗin amsarta ba, sai ka sake tambaya har ta faɗi abin da kake so. Na kuma gane cewa a wannan zamanin in aiki ya yi kyau na'ura za a yaba, in ya ɓaci a nemi mai hannu. Ku saba da haka tun yanzu, kada ya hana ku barin rara a ɗinki. Kada kuma ku yanka yadi don ku koya wa mai shi hankali, ni na gwada, ni aka koya wa. In babban mutum ya tsaya gabanku ya haɗiye ciki, ku bar metir a ƙugunsa ku gaishe shi da kyau, ku tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ganin wanda ya kai ƙarshen gaisuwa bai saki numfashi ba.