Injuna Bakwai da Dokar da Ba a Gama Ba

Har yau ban manta da ranar da na kwance injunan jirage bakwai a tashar Yelwa ba, da sunan wata doka da ashe ko rabin hanya ba ta kai ba. Tunda ku sababbin ma'aikata kun matsa sai na ba ku labarin, to ku gyara zama.

A lokacin ina ƙaramin sufeto, mataki na shida, a wata hukumar tarayya mai kula da zirga-zirgar jirage a ruwa. Jihar Kebbi ba ta cika shekara goma ba, kuma watanni kaɗan ke nan da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Aikina in tsaya bakin ruwa ranar kasuwa in duba lodi, kada jirgin da zai tafi ƙauyukan Ngaski ko wajen Shanga ya ɗauki mutane da buhuna fiye da ƙarfinsa.

Shugaban ofishinmu Malam Ɗanjuma ne, mataki na goma sha biyu. Mutumin kirki ne mai son aiki, sai dai kusan duk shekarunsa na aiki a ƙarƙashin soja ya yi su. A wancan zamanin, in aka karanta doka a labarun ƙarfe bakwai na safe, kafin takwas ta fara aiki. Waɗanda suka rubuta ta, su ne masu zartar da ita. Haka duk muka saba.

Wata safiya na shigo ofis na tarar da shi tsaye kan rediyo, hannu a ƙugu.

"Umaru, ka ji? Majalisar Wakilai ta amince. Duk jirgin inji sai ya ɗauki rigar ceto daidai da adadin fasinjansa. An yi doka."

Na ce, "Yallaɓai, ba mu jira takarda daga hedikwata ba?"

Ya ce, "Takarda ta same mu muna kan aiki. Gobe kasuwa. Duk wanda ba shi da riga, ka kwance injinsa ka kawo sito."

Abin da bai lissafa ba shi ne, a duk faɗin Yelwa babu shagon da ake sayar da rigar ceto. Ni kuma abin da ya fi damuna, Sarkin Jirgin tashar, wato shugaban masu jirage, ƙanen innata ne, Kawu Manu.

Washegari aka haɗa ni da Sajan Iliya, ɗan sandan da ke taya mu aiki. Kafin azahar mun kwance injuna shida. Na bakwai na Kawu ne. Bai hana ni ba. Ya zauna kan buhun albasa yana kallona ina kwance noti, sannan ya ce, "Umaru, mi munka yi muku?"

Na ce, "Kawu, doka ce."

"To, Allah shi ba doka lafiya. Ka ɗauke shi a hankali, ya girme ka."

A ranar, tashar ta zama kamar sansanin gudun hijira. Matan da suka kawo bandar kifi daga tsallake suka rasa jirgin komawa, masu shinkafa suka zube kaya a kan yashi, wasu suka bazu cikin gari neman 'yan'uwan da za su kwana wajensu. Masu kwale-kwalen fulafili kuwa, da dokar ba ta shafe su ba, suka yi ta cika lodi har baki, abin da aka ɗauke ni aiki domin in hana. Da yamma Inna ta aiko matata da saƙo: kada ƙafata ta taka gidanta sai injin ƙanenta ya koma ruwa.

Kwana biyu bayan haka ɗan majalisarmu na tarayya ya zo gida hutun ƙarshen mako. Masu jirage suka tare shi tun bai fito daga mota ba, domin a ganinsu shi ya ƙulla musu wannan abu. Ya taho ofishinmu babbar riga na tashi, jama'a na biye.

Ya ce, "Malam Ɗanjuma, wace doka kake aiki da ita? Ƙuduri ne fa! Mu muka gama namu a Majalisar Wakilai, Majalisar Dattawa ko buɗe shi ba ta yi ba. Ka mayar musu da injunansu yanzu."

Malam Ɗanjuma ya miƙe ya gaishe shi da ladabi, ya ba shi kujera, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma'aikacin ɓangaren zartarwa ne. Daga darakta nake karɓar umarni, shi kuma daga minista. Ɗan majalisa ba ya cikin layin."

A nan kam gaskiyarsa ce, kuma ɗan majalisar ya sani. Majalisa tana yin doka, tana iya kiran minista gaban kwamiti ta titsiye shi, amma ba ta da ikon buɗe siton ofishi. Ɗan majalisar ya ce to zai sa a gayyaci minista. Kawu ya tambaya daga bakin ƙofa, "Yaushe ke nan, ranka shi daɗe?" Ya ce sai majalisa ta je dogon hutunta ta dawo. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Kahin nan mun koyi tahiya bisa ruwa da ƙafa."

Shi kuwa Malam Ɗanjuma, don ya nuna wa kowa yana kan daidai, sai ya ce a kai masu jiragen kotun majistare. Ni aka rubuta a matsayin shaida.

Ranar zaman, kotun ta cika har tagogi. Majistaren wani siririn mutum ne mai sanyin murya, tabaransa a kan karan hanci. Mai gabatar da ƙara ya karanta tuhuma, aka kira ni na yi rantsuwa, na faɗi yadda na kwance injunan ɗaya bayan ɗaya.

Majistare ya ce, "Madalla. A ƙarƙashin wane sashe na wace doka?"

Na waiga wajen Malam Ɗanjuma. Ya zuba wa silin ido.

"Malam Umaru, kai nake tambaya. A ina ka ga dokar?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban gan ta ba. Jin ta muka yi a rediyo."

Dariyar da aka yi sai da masinjan kotu ya yi ta bugun tebur. Majistaren bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya yi mini bayani kamar yana koya wa ɗan aji uku. Ƙuduri, in ji shi, sai majalisu biyu sun amince da shi a kan lafazi ɗaya. Sannan a kai wa Shugaban Ƙasa ya sa hannu. In ya ƙi, majalisun na iya sake zartar da shi da rinjayen kashi biyu cikin uku. Sai ya zama doka tukuna irinmu za su fita da makulli da sufana. Kotu kuma ba ta hukunta mutum a kan laifin da ba a rubuce yake cikin doka ba. Ya kori ƙarar, ya ba da umarnin a mayar da injunan a ranar.

Malam Ɗanjuma ya miƙe. "Ranka ya daɗe, a ba ni lokaci in rubuta wa hedikwata."

"Ka rubuta musu, yana da kyau. Ka gaya musu ka riga ka bi umarnin kotu. Sajan, ka raka su."

Haka Sajan Iliya, wanda ya riƙe mini sufana ranar kasuwa, ya tasa mu a gaba har bakin sito. Na ce masa, "Sajan, kai ma ka juya mana baya?" Ya ce, "Ni ban juya ba, Malam Umaru. Rannan kun ce doka ce, na bi. Yau ga takarda da hatimi."

Ni na ɗaura injunan da hannuna, duk bakwai ɗin, masu jirage na tsaye suna ba ni shawarar yadda ake ɗaure noti. Da na gama na Kawu, na zaci zai yi mini tatas. Sai ya ce in samo takarda da biro.

Ya ce, "Rigar nan ba mugun abu ba ta. Na taɓa hiddo mutum biyu daga ruwan ga, ɗaya bai tashi ba. Rubuta ma majalisa. Ka ce muna so, amma su hwara kawo ta inda za mu same ta, su ba mu lokaci."

Na zauna a gefen jirginsa na rubuta, masu jirage suka dangwala yatsa, muka miƙa wa ɗan majalisar ya tafi da ita kwamiti. Ban san yadda ƙudurin ya ƙare ba, domin ba a daɗe ba aka yi mini canjin wurin aiki. Mu dai daga hedikwata takardar neman bahasi ta iso mana, ni da Malam Ɗanjuma. Ya amsa tasa da tawa a shafi ɗaya, ya ce shi ya ba da umarni, kada a taɓa ni. Wannan ban manta masa ba.

Abin da na koya shi ne, rarraba ikon nan da ake yi tsakanin majalisa da gwamnati da kotu, ba don manyan Abuja kaɗai aka yi shi ba. Yana saukowa har bakin ruwa, inda ƙaramin ma'aikaci ke tsaye gaban abincin wani. Kowane ɗayan ukun na ga iyakarsa da idona a mako guda, kuma jinkirin da muke ƙorafi a kai shi ne ya ceci talaka. Saboda haka duk ranar da babba ya ce muku "doka ce, ku je ku yi", ku rusuna, ku gaishe shi, ku ce, "Yallaɓai, a nuna mini sashen." Na yi wannan tambayar shekara ashirin da wani abu. An harare ni sau da yawa, amma ban sake tsayawa gaban alƙali ina kallon takalmina ba.