Mai Agogo Tsakanin Ƙofofi Biyu

Baba Mai Agogo bai taɓa goyon bayan kowa a rigima ba. Ko agogo biyu ne suka saɓa a shagonsa, sai ya ce kowanne da uzurinsa. Irin wannan mutumin ne fa ya tsunduma cikin wasan yaƙi na intanet da furfurarsa. Ba sha'awa ta kai shi ba. 'Ya'yansa mata biyu da aiki ya kai nesa kullum suna cikin wasan, kuma tun wata 'yar hatsaniya suka daina magana da juna.

A wasan, babbar tana tare da Mutanen Dutse, Auta tana tare da Mutanen Kogi. In ka yi wa ɓangare ɗaya aiki, ƙimarka ta hau a wurinsu, ta sauka a wurin ɗayan. Mai ƙima a rage masa farashi, maƙeri ya wasa masa takobi, har doki a ba shi. Wanda tasa ta faɗi kuwa, ko ƙofar gari ba zai shiga ba.

Sai Baba ya lafe a tsakiya. Yau ya saro wa Dutse itace, gobe ya kamo wa Kogi kifi. Don haka ko'ina tsada ake yi masa, takobinsa duk tsatsa, tafiyarsa a ƙafa. Shi ko a jikinsa, tunda kullum yana shiga garuruwan biyu ya gaisa da 'ya'yansa.

Tausayi ne ya ja masa. Wata rana yana gyaran agogo, wayarsa na jingine da gwangwanin kusoshi, ya hango jaki ya maƙale a laka a cikin wasan, ya danna ya ciro shi. Ashe jakin shugaban Dutse ne. Nan take Kogi suka rufe masa ƙofa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ya kira babbar. "Na rasa hanyar zuwa wurin ƙanwarki. Wai sai na cika musu kwanduna da kifi, ni kuwa yatsuna sun tsufa."

"Baba, in na taya ka, dokina za a ƙwace fa."

"Na sani. Ban ce dole ba."

Washegari da ya shiga wasan ya same ta a bakin kogi da sulkenta na Dutse, tana fama da fatsa. Kifi na ƙaruwa, ƙimarta na zubewa, har dokin ya ɓace. Ta ci gaba da jefa fatsarta.

Can sai ga Auta ta fito daga ƙofar gari, ta tsaya tana kallonsu. Baba ya ajiye agogon hannunsa.

Rubutun Auta ya bayyana a fuskar wayar: "Yaya, ba haka ake riƙe fatsa ba. Matsa in nuna miki."