Ramin da Yaya Sadi ya mayar wa ƙasa

Shekara biyar ke nan da muka binne yayana Sadi a nan Dubai, kuma har yau ina jin haushin abu guda da ya yi, Allah ya gafarta masa.

Binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa ya karanta. Kafin aikin awon filaye ya kawo shi nan, wani dattijo Kirista a garinmu, Baba Istifanus, ya roƙe shi ya nemo masa gurbin wata 'yar majami'a a kurmin bayan gari. Kusa da ita aka binne mahaifiyarsa yana yaro, daga baya daji ya cinye wurin. Yaya ya yi ta yawo shi kaɗai, ya haƙa ɗan ramin gwaji, ya tarar da jerin duwatsu kamar tushen gini. Sai ya shimfiɗa leda, ya mayar da ƙasa, ya watsa ganye a kai. Wai haka ƙa'idar aikin take, kada masu neman tukwanen tsafi su lalata wurin. Bai nuna wa tsohon ba, don bai tabbata ba ko majami'a ce ko rumbu.

Da ya ba ni labarin a nan Dubai, na ce, "Yaya, ka kai shi mana ko zuciyarsa ta yi sanyi!" Ya yi dariya ya ce, "Ke dai da gaggawa. In na koma hutu zan faɗaɗa ramin, khalas, shi ke nan." Bai koma ba. Zuciya ce ta buga masa a wurin aiki.

Yau kurmin nan ko mafarauta ba sa shiga saboda 'yan bindiga. Da yana raye, ban san me zai ce da taka-tsantsan ɗin nasa ba. Na san dai tsoron yi wa tsoho ƙarya ne ya hana shi, kuma wannan halin nake kewa, shi ne kuma yake ƙona mini rai.

Kwanan baya ina ofishinmu na kago, wato aika kaya, a unguwar Deira, jikan Baba Istifanus ya haɗa mu a waya. Muryar tsohon ta dushe ƙwarai.

"Ɗiyata, ba zuwa zan yi ba, ƙafa ta ƙi. Ki gaya mini kawai, gabas da rafi ne ko yamma? In san inda zan riƙa kallo daga ƙofar gida."

Na ce, "Wallahi Baba, bai taɓa gaya mini ba."

Kuka ya ƙwace mini. Can ya ce, "To, daina kuka. Allah ya jiƙan Sadi, ai shi ya kai wa mahaifiyata ziyara."