Abin da Ɗiyata Ta Fara Ji

Shekarar da aka rufe layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, na kai ɗiyata mai shekara huɗu asibiti a Sakkwato. Ta daɗe ba ta amsa kira, har na sha dukanta, ina zaton taurin kai ne. Likita ya ce ruwa ne ya taru cikin kunnuwanta. Aka yi mata aiki, aka sa wa kowane kunne ɗan bututu kamar ƙwayar shinkafa.

Kwana uku da komawarmu Wurno, yayana ya zo dubiya. Ya saba faɗin abin da ya ga dama a gabanta. Ya rage murya don kada uwarta ta ji daga ɗaki, ya ce, "Ka sai da albasarka saboda kurma. Wagga ɗiya asara ta. Da Allah ya karɓi abinai, da ka huta."

Yarinyar ta ajiye kofin kunu, ta dube ni. "Baba, ina Allah za shi kai ni?"

Yayana ya yi dariya. "Lallai aiki ya yi kyau!"

Allah ya yafe mini, murna ce ta riga fushi zuwa zuciyata, domin ni da nake gefensa ma da ƙyar na ji maganar.