Bayan Na'Allah Ya Taɓa Ƙasa

A gefen masu albasa a kasuwar Boɗinga nake ganinsa, gajere, wuya kamar turmi, kunnen hagu a dunƙule, yatsu duk filasta. Na ji ana kiransa Na'Allah. Ina zaton tsohon ɗan kokawa ne da ke zuwa Sakkwato koyon jujitsu, kokawar 'yan Brazil da ake yi har a kwance.

Da an gama lodi sai ya shimfiɗa buhuna, ya kwanta rigingine, ya sa ƙaton cikin masu lodin ya danne masa ƙirji. Yana zamewa da ƙugu, ana sake danne shi, yana sake zamewa.

Wani dattijo mai albasa ya tsaya a kansa. "Na'Allah, ba ka jin kunya? Kai da ba a taɓa kai bayanka ƙasa ba!"

"Shi ya sa na shekara ban iya komi ba, Baba," in ji shi, yana haki. "Da na taɓa ƙasa sai in miƙe, wai an kada ni. Yanzu ƙasar nika biɗa da kaina."

Sai ya harari ƙaton. "Kai, danne ni da kyau!"