Ranar da Gwaggo Ta Ɗinke Mini Adon Fadar Sin a Ka

Ranaku da yawa sun wuce a rayuwata ban ma san inda suka shiga ba. Amma ranar da na je makaranta da adon kan matan fadar Sin a ɗinke a gashina, wannan kam ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin za ta fita daga raina.

Lokacin ina ajin ƙarshe a sakandaren 'yan mata a nan Madina, gidanmu kuma yana unguwar Ƙuba. Ni yarinya ce marar magana. A gida a yi mini Hausa in amsa da ka, a makaranta a yi mini Larabci in amsa da ka. A takarda ne kawai bakina yake buɗewa. Wata rana malamar tarihi, wadda muke kira Abla kamar sauran malamai, ta tsayar da ni bayan darasi. Ta ce takarduna ba su da aibi, amma makin magana a aji ba ni da ko ɗaya, kuma ita ba za ta rubuta abin da ba ta ji ba. Ta san ina son shiga sashen harhaɗa magunguna a jami'a, ta kuma san wannan makin shi zai ja ni ƙasa. Ta ce dama ɗaya ta rage, ranar al'adun ƙasashe: in hau dandamali in yi bayani na minti biyar a gaban makaranta duka.

Aka yi ƙuri'a, ƙasar Sin ta faɗo mini. Da wata ce, da ta sayi jar riga da tsinken cin shinkafa ta huta. Ni kuwa sai da na yi mako uku ina karatu. A nan na gamu da Mancu, mutanen da suka riƙe sarautar Sin ta ƙarshe, da kuma adon kan matan fadarsu. Da farko gashinsu suke rabawa biyu su naɗe shi a jikin wata doguwar sanda mai faɗi, ta dutse mai daraja ko ta zinariya, ya fito dama da hagu kamar fukafukai. Daga baya sai suka koma wani baƙin allo na waya da aka lulluɓe da yadin satin mai sheƙi, da ƙaton fure a tsakiya, da tuntaye masu lilo a gefe, da allurai masu shuɗin gashin wani ɗan tsuntsu mai kamun kifi. A ƙeya kuma a gyara gashi kamar wutsiyar tsattsewa. Abin da ya fi muhimmanci, wanda har layi biyu na ja a ƙarƙashinsa a littafina, shi ne wannan allon ɗora shi ake yi kamar hula, a soke shi da allura, in an gama a sauke.

Na haɗa nawa da kwalin dabino da wayar rataye kaya da ragowar yadin abaya. Furen kaɗai ya ci mini kwana tara, domin ganye-ganye na yanka shi daga siliki ruwan hoda, kowanne na ƙona bakinsa da kyandir don ya lanƙwashe. Gashin tsuntsu kuwa na tattabarun saman benenmu na tsinta na rina da shuɗi. Da na gama na auna, faɗinsa ya wuce kafaɗuna da ɗan yatsa ta kowane gefe, daidai da hoton da nake kwaikwayo. Har yau ina ganin ban taɓa yin aikin hannu mai kyansa ba.

Ran bikin da sassafe Gwaggo ta zo. Ƙanwar Baba ce, tana gyaran kan amare a wani shago a titin Sultana, kuma a zuriyarmu babu mai musu da ita a kan abin da ya shafi gashi. Ta ɗaga allon ta juya shi.

"Wannan fa? A kai za ki yi karatun allon?"

Na ce ado ne na matan sarkin Sin.

"Matan sarki da kwalin dabinon ajwa. To, yalla, kawo kan."

Ta yi mini kitso ƙanana a tsakiyar kai, ta gyara wutsiyar tsattsewar a ƙeya fiye da yadda take a hoto. Sai na ga ta buɗe jaka ta fito da lanƙwasasshiyar allura da baƙin zare, irin wanda take ɗinke wa amare ƙarin gashi da shi. Na gane ɗinke allon za ta yi. Maganar tana bakina, guda ɗaya tak: Gwaggo, ba a ɗinkewa, ɗorawa ake yi. Na buɗe baki, na ce, "Gwaggo..."

"Na'am? Da zafi? Yi haƙuri, ya binti. Ni abin da na ɗaura wa amarya, ko yini ta yi tana rawa ba ya motsi. Ba za a ce a hannuna abu ya faɗo a gaban Larabawa ba."

Na ce, "To."

Wannan "to" ɗin ita ta jawo duk abin da ya biyo baya. Gwaggo ta bi kitson nan ɗaya bayan ɗaya ta haɗe shi da wayar allon, ta ƙulle, ta ciji zaren, ta girgiza kaina da hannu biyu don gwaji. Ko gezau.

Matsala ta farko ta same mu tun a bakin ƙofa. Matan fadar Sin ba sa sa abaya, ni kuwa ba ni fita titi da kai a buɗe. Ɗankwalin abayata ko rabin allon bai rufe ba. Gwaggo ta ɗauko babban mayafin sallar kakarmu ta yafa mini tun daga sama, ta kama da fil a haɓa. Na sauko daga bene a karkace, domin matakalarmu ba ta ɗauke ni ta gaba ba. Baba yana jingine da mota yana shan shayi. Ya dube ni, ya dubi Gwaggo.

"Ina yarinyar? Ni cewa aka yi makaranta zan kai ta, ba a ce mini akwai talabijin da za a kai gyara ba."

"Yaya, bar wasa, ka buɗe mata ƙofa."

"Wace ƙofar? Ta but?"

Sai da na shiga da gefe, kafaɗa ɗaya a gaba, na zame a kujerar baya har gwiwoyina suka tokare ta gaba. Baba ya ce madubin tsakiya ya mutu, ba ya ganin komai sai ni. Duk ramin da muka faɗa allon ya bugi rufin mota, kitson ya ja fatar kaina, in ce wash a zuci. A ƙofar makaranta tsohon mai gadinmu ya taso da sauri yana ɗaga hannu, ya ce wa Baba kayan ofis ta ƙofar baya ake shiga da su.

Bikin sai bayan azahar, don haka da abin nan na zauna darussan safe. Yarinyar da take bayana ta ce ba ta ganin allon aji, sai nawa. Aka mayar da ni layin ƙarshe. Kafin tara ta yi an raɗa mini suna Shasha, wato fuskar talabijin. Ni da na yi shekara uku a makarantar nan wasu ba su san akwai ni ba, ran nan har 'yan ajin farko sun zo leƙe ta taga.

Duk wannan mai sauƙi ne. Da aka kira azahar na yi alwala, na cusa jiƙaƙƙun yatsu ta gaba na shafi abin da ya samu, na nufi masallacin makaranta. A hanya wani tunani ya zo mini. Na raɓe a lungu na gwada sujada. Furen nan ya riga ni isa ƙasa. Ya tokare darduma, goshina yana sama da kusan yatsa huɗu. Na sake gwadawa ta gefe, tuntu ya shiga mini ido.

Malamar fiƙihu ta same ni a haka, ina durƙushe kamar mai neman ɗan kunne.

"Me kike yi? Cire wannan abin, za a ta da salla."

"Abla, ba ya ciruwa."

Ta sa hannu ta ja, na yi ƙara. Ta aika aka kira wata dattijuwa mai share mana azuzuwa, Bahaushiyar Sudan, wai ko ita ta san kan irin wannan. Matar ta ɗaga mayafin, ta bi ɗinkin da yatsa, sai ta koma Hausa.

"Kai! Wannan hannun mutanenmu ne. 'Yar nan, wa ya yi miki?"

"Gwaggona."

"Allah ya yi mata albarka, ta iya. Wannan in ba ita ba, sai dai aska."

Malamar fiƙihu ta tambayi me ta ce, aka fassara mata. Ta danne dariya, sannan ta ce mini a hankali, allon ba ruwanta da shi, amma goshi dole ya taɓa ƙasa, sauran kuma ni na sani. Na duba furen ta madubin taga. Kwana tara. Na kama shi da hannu biyu na fizge. Ya fito, amma na ji wani abu ya ce ɗas a gefen hagu. Na yi sallata ni kaɗai a bayan sahu, domin babu mai yarda ta tsaya kusa da ni bayan da tuntu ya share wa wata fuska. Goshina ya taɓa ƙasa lafiya lau. Sai dai da na ɗago, na ji allon yana rawa. Fizgar da na yi ta tsinke ɗinkin gefe guda, ɗayan gefen kuma yana nan daram.

Haka na hau dandamali, da baƙin allo ba fure, sai guntun zare a tsakiya. Dabarata tun farko ita ce in sunkuyar da kai in karanta takardata daga farko har ƙarshe, ban ga kowa ba. Na sunkuya. Allon ya rifto ya rufe mini fuska. Zauren ya fashe da dariya. Na ɗaga kai, ya koma ya tsaya. Na sake satar kallon takardar, ya sake riftowa. Wata daga baya ta yi ihu, "A kunna mana shashar mana!" Har malamai suna rufe baki da gefen mayafi.

A nan na gane ba ni da hanyar karanta ko layi ɗaya. In dai ina so abin nan ya zauna, sai wuyana ya miƙe, haɓata ta ɗaga, idona yana kan mutane. Na hango Abla malamar tarihi a layin gaba, alƙalami a hannu, ba ta dariya, jira take. Na ninke takardar.

Na ce, "Kun ga yadda na tsaya ɗin nan? Ba jarumta ba ce. In na sunkuya faɗowa zai yi."

Aka sake dariya, amma wannan karon da ni ake yi. Na ce to haka matan fadar suke yini, abu a ka, wutsiyar gashi a ƙeya, ba dama su waiga da sauri ko su yi tafiyar gaggawa, shi ya sa a hotuna za ku gan su a miƙe kamar an auna su da magwaji. Na taka a hankali daga wannan gefe zuwa wancan don su gani, tuntayen suna lilo. Na ba su labarin sandar da ake naɗe gashi a kai, da shuɗin gashin tsuntsu, na kuma amsa cewa nawa na tattabarun Ƙuba ne. Wata ta tambayi ina furen. Na ciro shi daga aljihu a yamutse na ɗaga, na ce ya sha gabana a sujada. Wata ta ce to su yaya suke kwanciya da shi? Na ce su saukewa suke yi, su ba su da Gwaggo.

Ban san lokaci ya tafi ba sai da na ga Abla tana nuna mini agogo da hannu biyu. Washegari ta kira ni ta nuna mini makina. Ta ba ni duka, ban da ɗaya. Na tambaye ta na mene ne ta cire. Ta ce, "Minti biyar na ce. Kin yi goma sha ɗaya." Makin ya isa, kuma sashen da nake so na shiga.

A gida kuwa, da la'asar ɗin ranar bikin, sai da Gwaggo ta yi kusan awa guda da reza tana warware aikinta, tana mita wai wa ya tsinke mata ɗinki. Da ta kusa gamawa na yi ƙarfin hali na ce mata ai asali ba a ɗinkewa, ɗorawa ake yi kamar hula. Ta tsaya cak da rezar a hannu.

"Kin sani?"

"Na sani."

"Tun da safe?"

"Tun mako uku."

Ta leƙo ta dubi fuskata. "To don Allah da kika sani, wa kike ajiye wa?"

Har yau da nake tsaye a bayan kantar shagon magani ina yi wa mutane bayani, tambayar nan tana dawo mini. Abin da ranar ta koya mini shi ne, sanin da ya tsaya a cikin kai bai fito ta baki a lokacin da ake bukatarsa ba, bai fi rashin sani da komai ba. Na ɗauka shiruna ladabi ne, ashe wani lokacin barin mutum ne ya yi kuskure da hannunsa a kan abin da ni na sani. Tun daga ranar, in na ga an zare allura za a yi abin da ba daidai ba, ko wane ne, nakan yi magana tun kafin a sa zare.