Yadda Kawu Ƙasimu Ya Nemo wa Ɗakin Inna Uwani Abin Ja

Kawuna Ƙasimu bai taɓa tuƙa mota ba, keke ma in ya hau sai an riƙe masa, amma duk Gyaɗi-Gyaɗi ba wanda ya kai shi raina motar mutane. Ƙanin babata ne ciki ɗaya, kuma a hannunsa na tashi, don haka in na faɗi nasa kar wanda ya ce min sharri ne.

Asalinsa mai jakuna ne. Tun yana saurayi yake ɗauko tukwane da randuna daga ƙauyenmu can wajen Rano, ya kawo birni a bayan jaki. Yana rantsuwa bai taɓa fasa ko murfi ba. Matarsa Inna Uwani takan taɓe baki in ya zo nan, amma a bar shi. Da motoci suka ƙwace musu ciniki sai ya sayar da jakunan, ya kama gadi wajen wasu Turawa masu aikin hanya, shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama. Aiki ya ƙare, Baturen da ke kansa ya rasa yadda zai yi da ɗakin kwanansa, wani ɗakin kwano mai taya biyu da tagogi da 'yar ƙofa, irin wanda ake ɗaura wa mota a baya. Ya ce Ƙasimu ya ɗauka. Da 'yar ƙaramar motarsa ya jawo shi har gonar wani Alhaji a bakin unguwarmu, ya kwance, ya ɗaga hannu ya tafi, Kawu na tsaye yana kallo.

Da a gidan haya muke, Inna kullum cikin rigimar igiyar shanya. Sai ga ɗaki nata na kanta. Kawu ya kewaye shi da zana, ya sa aka rubuta "ba shiga" da gawayi, ya yi mana rumfa a gefe. Inna ta shiga ta taka, katakon ƙasan ya yi wani kuka ƙiii. Ta fito ta ce wallahi ita ba za ta kwana a kan ganga ba. Ta aika wa tsohuwarta a ƙauye. Tsohuwa ta taho da mata cike da bayan mota, da madaɓai da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa mai ƙarfafa daɓe, suka jibga tsakuwa a kan katakon nan, suka yini suna duka suna waƙa har maƙwabta suka leƙo. Daɓe ya yi kauri, ya kai faɗin tafin hannu, baƙi wuluk, sulɓi kamar a lasa. Shi ne aikin ƙarshe da tsohuwar ta yi, kafin kaka ta shigo Allah ya yi mata rasuwa. Tun daga nan Inna a durƙushe take goge shi kullum safe, ni kuwa in na manta na shiga da takalmi sai na sha dundu.

Sai shekarar Udoji ta zo, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya haukace da gini. Alhaji mai gona ya aiko a tashi, bulo na hanya. Kawu yana da ɗan fegi a Tarauni, saura kawai a ja ɗaki a kai.

Kawu ya ce ƙaramar mota ta kawo shi, ƙaramar mota za ta ɗauke shi, da idonsa ya gani. Ya kira Ɗanladi mai a-kori-kura, wani ɗan gaye mai baƙin tabarau. Ɗanladi ya zagaya ɗakin ta waje, tunda ɗakin matar aure ne ba ya shiga, ya ƙwanƙwasa kwanon da yatsa.

"Baba, wannan ai gwangwanin madara ne. Ko da haƙori na ja shi."

Oluwole bakanike, mai gareji a bakin titi, shi ya liƙa wa motar ƙugiya a baya. Aka zo ɗaga hancin ɗakin a saƙala, ƙarti suka taru suka yi nishi, ko motsi. Oluwole ya kawo jak, amma na ga ya fara tsuke fuska. Ana sauke jak ɗin bayan mota ya zauna daɓas, gabanta ya ɗaga sama kamar akuya na ciyo ganye. Ɗanladi dai ya shiga ya taka. Hayaƙi, ƙauri, ihun inji, sai ji muka yi ƙwaram, bamba ta rabu da mota, mota ta yi gaba abinta. Ɗaki yana nan inda yake, kwanukan jeren Inna ne kawai suka amsa daga ciki.

Oluwole ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya fito yana kaɗe riga.

"Baba Ƙasimu, tsakaninka da Allah, me ke cikin ɗakin nan? Giwa kuka sato daga gidan zu?"

Kawu ya sunkuyar da kai. Ina shi ina bayyana cikin ɗakin matarsa a gaban maza?

"Kayan mata ne kawai."

Ni kuwa ina bakin zana, abin ya tokare ni. Na ce, "Wane kayan mata? Daɓe ne! Kaurinsa haka. Ga gadon ƙarfe mai rumfa, ga randuna, ga kwalla da langa har rufi."

"Ke Binta! Bakinki!"

"To ƙarya na yi, Kawu?"

Oluwole ya zauna a ƙasa ya yi ta dariya har da hawaye. "Daɓe? Kun yi wa abu mai taya daɓe? Kai, mutanen nan za ku kashe ni." Ɗanladi yana rungume da bambarsa kamar an yi masa mutuwa, yana cewa ai da an faɗa masa. Da dariya ta lafa Oluwole ya ce abu mai sauƙi ne, a kawo diga a farfasa daɓen a zubar, ko keke ma ya ja ɗakin.

Sai muryar Inna daga bayan zana, da ƙarfi, kowa na ji: "Binta, ki gaya wa mai garejin nan, wanda zai sa diga a daɓen nan sai ya fara sa ta a kaina."

Na juya zan maimaita, Oluwole ya ɗaga hannu. "Na ji, Mama, na ji."

Kawu ya daɗe yana kallon hancin ɗakin nan. Ya san bulo ba zai jira ba, ya kuma san wanda ya yi daɓen. Can ya ce, "Ba za a fasa ba. Randa ce. Ɗaukar randa za mu yi masa."

Oluwole ya ce to in haka ne shi zai ƙara wa ɗakin sifirin daga tsohuwar mota don ƙafafun su ɗauki nauyin, amma abin da zai ja dole ya fi ɗakin nauyi, in ba haka ba a gangaren kududdufin da ke hanyar Tarauni ɗakin ne zai tura motar, su tafi wanka tare. Kawu ya ce ya ji, amma shi ma yana da nasa. Ƙarfi ba ya burge shi. Jakin da ke fasa tukunya, in ji shi, ba rago ba ne, mai fizga ne wajen tashi.

Nan ya fito da gwajinsa, wanda har yau ake ba da labari a tasha. Ya aro amalanke, ya sa na ɗauko ƙwarya da tulun ruwa. Duk motar da aka nuna masa sai ya ɗaura mata amalanken a baya, ya cika ƙwarya taf ya ajiye a kai, ya ce direba ya tashi ya je can ya tsaya. Kafin nan ma sai ya zagaya motar, ya bubbuga cinyarta, ya sa a buɗe masa baki ya leƙa, kamar yana duba haƙora.

Shehu mai babbar motar nan roka ya ji haushi. "Haba Baba! Ni da nake kai shanu Ikko za ka gwada da ƙwarya?"

"Shanu ba sa tsagewa, ɗana. Tashi mu gani."

Shehu ya tashi. Ƙwarya ta yi sama, ruwan ya ƙare a zanina. Na ce, "Allah ya isa, Shehu, da ma tuƙin naka na kisan kai ne!" 'Yan tasha suka kwashe da dariya, ya leƙo ta taga ya ce in ban yi wasa ba shi zai aure ni in ga tuƙi. Na ce ya fara auren birki tukuna.

Wata Landiroba ta kusa ci, ta bar rabin ƙwarya. Kawu ya shafa ta ya ce tana da ƙirji, mai ita ne ke da gaggawa. Haka muka yi ta yawo, tulu a kaina, ga bulon Alhaji an fara saukewa a gefen zanarmu. Inna kuwa sai goge daɓe.

A Darmanawa muka same ta. Tsohuwar tarakta, fitila ɗaya, fenti duk ya kwaile, tana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Direbanta Garba, mutum ne da in ka yi masa sallama sai ka gama taunar goro kafin ya amsa. Bai tambayi dalilin ƙwarya ba. Ya hau, ya yi bismilla, ya saki ƙafa a hankali har ban san lokacin da ta fara tafiya ba. Ruwa ya yi ta rawa a ƙwarya, amma bai ɗiga ba. Kawu ya daki bayan taraktar da tafin hannu.

"Yauwa. Wannan tana da tarbiyya."

Ranar tashi da hantsi mata suka kwashe gado da randuna da jere a ka. Inna ta so zama a ciki, Kawu ya ce a'a. Sai ta bi gefe, hannunta a jikin kwanon. Aka kama hanyar gonaki, tarakta gaba, ɗaki baya, rabin Gyaɗi-Gyaɗi a bayansa, wata ma ta rangaɗa guɗa kamar ana kai amarya. Masu keke suka wuce mu. Wani jaki da kayan yashi ya wuce mu, Kawu har ya yi masa sannu. Kawun yana gaba yana tafiya da baya, yana tsince duwatsu daga hanya, yana ta "sannu-sannu, Garba," alhali in Garba ya ƙara sannu tsayawa zai yi.

A gangaren kududdufi ɗakin ya danno taraktar, ta yi gurnani ta riƙe. Mun kusa sauka ke nan taya ɗaya ta faɗa wani ɗan rami da ciyawa ta rufe. Daga ciki muka ji ɗas. Ba ƙara mai yawa ba, amma kowa ya ji. Inna ba ta cire hannunta daga kwanon ba, ba ta kuma kalli kowa ba har muka isa.

Ana kwance ƙugiya ta shiga ita kaɗai ta ja ƙofa. Kawu ya tsaya a waje yana tari irin na mara gaskiya. Can ta kira ni. Na cire takalmi na shiga. Tsaga ce guda ɗaya, siririya kamar zare, daga bakin ƙofa zuwa ƙarƙashin taga. Sauran duk yana nan lafiya lau. Tana durƙushe tana bin tsagar da yatsa, idonta ya yi ja.

Kawu daga waje: "Binta, yaya?"

Na ce, "Ya tsage mana! Ba kai ka ce ba ka taɓa fasa ko murfi ba?"

Inna ta zabga min dundu. "Rufe min baki, mara kunya. Ramin shi ya haƙa?" Ta share ido da gefen mayafi. "Ki ce masa ya shigo daga rana, ya sha wahala. Ke kuma bi gidajen nan ki ce baƙuwa na gayyar daɓe gobe, kowa ta zo da madaɓinta."

Suka zo kuwa, mata har suka cika wurin, ba wadda muka sani. Wata dattijuwa ta shafa daɓen ta ce ta daɗe ba ta ga hannu irin wannan ba, wa ya yi? Inna ta zauna ta ba su labarin tsohuwarta tun daga farko, har tuwo ya kusa ƙonewa. Suka cike tsagar suka daɓe ta. Da ta bushe sai ta fito ja-ja a tsakiyar baƙi, Inna ta ce matan Tarauni ba su san jiƙon makuba ba sam. Su kuma suka ce ruwan Rano ne daban. Har yau ba su gama wannan gardamar ba, kullum la'asar suna ɗakin suna yi, takalmansu jibge a ƙofa.